Ogan ɗin San Faransisko da kotson maƙwabcina: yadda kayan tarihi ke watsewa a hannunmu

A daminar bara aka kira ni shaidar rabon gado a gidan wani dattijo maƙwabcinmu, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin garin Sakkwato. Marigayin makaɗin kotso ne, ɗan makaɗi kuma jikan makaɗi. Ya yi wa hakimai da sarakuna kiɗa fiye da shekara 50, har tsufa ya zaunar da shi a zaure. Ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Malamin da ya zo rabo ya yi aikinsa bisa ilimi da tsoron Allah. Aka yi wa gida kuɗi, aka yi wa gona kuɗi, aka lissafa babur da firiji da tumaki huɗu, har tabarmi da tukwane ba a bari ba. Sai da aka kusa shafa fatiha ne wani daga cikin ƙananan 'ya'yan ya ɗaga kai, ya nuna kotso bakwai da ke rataye a bangon zaure, da wata tsohuwar adaka cike da kaset-kaset, ya ce, "Waɗanga fa?"

Babban wansu ya dubi malamin, ya dube ni, ya ce, "Malam, mi za mu yi da su? Tun da Baba ya kwanta ciwo babu mai taɓa su. Kowa shi ɗauki wanda shika so."

Ba wanda ya musa, ni ma ban ce uffan ba. Kafin wata shida ya cika, biyu daga cikin kotson sun bi wani dillalin kayan gargajiya da ke kai wa masu otal-otal kayan ƙawata bango a Abuja. Ɗaya an ba wata makarantar firamare don wasan al'ada na ƙarshen zango. Wata 'yar marigayin da ke aure a Gusau ta tafi da ɗaya don tunawa da mahaifinta. Biyu yara sun mayar da su abin wasa har fatarsu ta yage. Na bakwai, wanda ya fi su tsufa, wanda marigayin ya sha gaya mini cewa na kakansa ne, shi aka bari a kusurwar zaure, da aka waiwaye shi bayan damina gara ta riga ta cinye gindinsa. Adakar kaset kuwa, 'yan gwangwan suka auna ta tare da wani mataccen injin ban-ruwa.

Wannan al'amari ya daɗe yana ci mini rai, amma ban sami bakin zaren rubuta shi ba sai kwanan baya, da wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Amurka ya aiko mini da wani ɗan bidiyo ta WhatsApp. Ya ɗauke shi ne a gidan sinimar El Capitan da ke Hollywood. Kafin a fara fim, sai ga wani ƙaton teburi mai ruwan zinariya yana tasowa daga ƙarƙashin dandamali, mutum ɗaya na zaune a gabansa yana aiki da hannuwa da ƙafafu, sautin da ke fita kuwa kamar na makaɗa hamsin. A ƙasan bidiyon ya rubuta, "Malam, wannan abin ya girmi kakana, kuma gidan da aka ƙera shi dominsa an rushe shi tun 1963." Wannan magana ce ta sa na bi sawun tarihinsa, kuma abin da na samu ya haska mini laifinmu a zauren maƙwabcina.

Mene ne ogan ɗin sinima?

Mai karatu zai fi gane shi idan ya ƙaddara an tara algaita da sarewa da farai da kakaki dubu biyu ko fiye, kowane da muryarsa guda ɗaya tak, an jera su a ɗakuna, sannan aka ba mutum ɗaya ikon busa wanda ya ga dama da yatsunsa. Ogan ke nan. Bututai ne na ƙarfe da na katako, wasu ba su kai tsawon fensir ba, wasu sun kai ƙafa 32. A ƙarƙashin gini akwai injin hura iska, mai aikin da zugazugi ke yi wa maƙeri, yana tura iska cikin akwatunan da bututan ke zaune a kai. Idan makaɗi ya danna madanni, lantarki ya kai saƙo, wata 'yar ƙofa ta fata ta buɗe, iska ta shiga bututun ya yi kuka. Ana ɓoye bututan a ɗakuna dama da hagun dandamali, a bayan wasu faifan katako da makaɗi ke buɗewa ko rufewa da ƙafa don ƙara sauti ko rage shi.

Asalin ogan kayan coci ne, kuma a Najeriya ma a manyan coci-cocin Legas aka fi saninsa, inda irin su Fela Sowande suka tashi suka ƙware har suka yi suna a Landan. Na sinima daban yake. A zamanin da fina-finai ba sa magana, dole a sami mai kiɗa yana raka hoto, kuma biyan cikakkiyar ƙungiyar makaɗa kullum ya fi ƙarfin masu gidajen kallo da yawa. Wani Baturen Ingila mai suna Robert Hope-Jones, wanda injiniyan tarho ne tun farko, shi ya tsara ogan ɗin da zai maye gurbin ƙungiya sukutum. A 1910 kamfanin Wurlitzer ya saye sana'arsa, ya shiga ƙera irin wannan ogan a garin North Tonawanda na jihar Niyok. Ban da bututai, an haɗa masa ganguna da kuge da ƙararrawa, da abin kwaikwayon kukan tsuntsu, da jiniyar jirgin ƙasa, da sukuwar doki. Kamfanin ya ƙera fiye da 2,200 kafin ya daina a farkon shekarun 1940.

Abin da ya kashe kasuwar shi ne fim mai magana. Daga 1927, lokacin da aka fito da The Jazz Singer, sauti ya koma cikin fim ɗin kansa. Wannan ne ma dalilin da ya sa sinimominmu na Arewa ba su taɓa sanin ogan ba. Sinimar Rex ta Kano a 1937 aka buɗe ta, shekara goma bayan hoto ya fara magana, kuma yawancin gidajen kallonmu filin Allah ne babu rufi.

'Yan uwa biyar, rabo biyar

Daga cikin manyan ogan da Wurlitzer ya ƙera akwai guda biyar masu tsari iri ɗaya, kowane da jerin madannai 4 da sahun bututai 36. Na farko an kafa shi a gidan Paramount na birnin Niyok a 1926, inda Jesse Crawford ya yi suna da shi. Sauran huɗun na gidajen attajirin fim William Fox ne, a Brooklyn da Detroit da St. Louis da San Faransisko. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowane da inda ƙaddara ta kai shi.

Na Detroit da na St. Louis har yau suna cikin gidajensu na asali, domin gine-ginen sun sami masu ceto bayan sun sha wuya. Na Paramount an cire shi a tsakiyar shekarun 1960 da aka rufe gidan, wasu masu sha'awa a garin Wichita na jihar Kansas suka saye shi. A 1968 gobara ta cinye teburin makaɗin, bututan suka tsira. Ba su karaya ba, suka sa aka ƙera wani teburin kamarsa, aka ƙaddamar da shi a babban zauren taron garin a 1972. Na Brooklyn bai yi wannan sa'a ba. An rushe gidan a farkon shekarun 1970, kayansa suka rarrabu a hannun masu saye, ya zama a yau babu inda mutum zai je ya ji muryar ogan ɗin Brooklyn kamar yadda maƙeransa suka daidaita ta.

Na San Faransisko shi ne na cikin bidiyon ɗalibina. An buɗe gidan Fox na wannan birni a watan Yunin 1929, da kujeru 4,651. Da talabijin ta shiga gidaje, 'yan kallo suka ja baya, masu gidan suka yi tayin sayar wa hukumar birnin a kan kuɗin da bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba. A 1961 aka kai maganar gaban masu zaɓe, suka ƙi. A watan Fabrairun 1963 aka rufe shi, aka yi gwanjon kayan adonsa, aka sa masa guduma, aka gina dogon bene a wurin. Har yau mutanen birnin suna ambaton wannan rushewa cikin manyan kurakuransu.

Mutum ɗaya ne ya tsaya wa ogan ɗin. Sunansa Frank Lanterman, ɗan majalisar dokokin jihar Kalifoniya, wanda shi kansa makaɗin ogan ne a ƙuruciyarsa. Ya saye shi a dunƙule, bai zaɓi sahun da ya fi daɗi ya bar saura ba, ya kwashe shi zuwa gidansa a La Cañada kusa da Los Anjalis, ya yi masa ɗakuna na musamman. Lanterman ya rasu a 1981. Bayan mutanen gidan sun ƙare, ogan ɗin ya koma hannun hukumar garin Glendale, wadda ta yi niyyar kafa shi a wani tsohon gidan kallo nata, niyyar ba ta cika ba, ya yi shekaru a ajiye. Daga nan kamfanin Disney ya saye shi, aka gyara shi, aka kafa shi a El Capitan a 1999. Daga Fox zuwa Lanterman, zuwa Glendale, zuwa Disney, ya sauya hannu cikin shekara 70, amma bututansa kusan 2,500 suna tare.

Kada mai karatu ya zaci Turawa ba su yi asara ba. Sun yi, kuma mai yawa. Mafi yawan waɗannan ogan sun halaka: wasu ruwan rufi ya ruɓar da su, wasu an narkar da ƙarfensu, wasu an rushe gini a kansu. A shekarun 1960 da 1970 masu gidajen cin abinci suka riƙa sayensu don jawo masu ciniki, suna tsinto sahu daga nan, teburi daga can, su haɗa wani sabon abu. Duk wanda ya yi haka ya raya ɗaya ne da gawar uku. Bambancinsu da mu abu biyu ne. Na farko, kamfanin ya ba kowane ogan lamba, ya rubuta ranar da aka aika shi da inda aka kai shi. Na Paramount lambarsa 1458, na San Faransisko 2012, don haka ko an watsa shi ana iya bin sawu. Na biyu, tun 1955 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, suna jin labarin gidan da za a rushe kafin guduma ta iso.

Abin da ya tafi da kotso bakwai

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Ina kotso, ɗan icen da masassaƙi zai fafe cikin kwana biyu, ina injin da ya cika ɗakuna? Amsata ita ce, ba girman kaya nake kwatantawa ba, yanayin asarar nake kwatantawa. Sahun bututai ɗaya da aka cire daga ogan ba ogan ba ne, kamar yadda kotso ɗaya a bangon otal ba kiɗan fada ba ne. Waɗannan bakwai tare aka daidaita su. Akwai na uban kiɗi, akwai na 'yan karɓi, kowane da kaurin kangonsa, da tsaurin tsarkiyarsa, da gwargwadon danƙon da aka liƙa a tsakiyar fatarsa, don muryoyinsu su hau juna yadda mawaƙi zai sami wurin ɗora magana. Da aka raba su, ba wanda ya sami kashi ɗaya cikin bakwai na abin. Abin ne ya ɓace gaba ɗaya, kowa ya tashi da ice da fata.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne labarin da ke tare da su. Marigayin ya san wanda ya sassaƙa kowane, da garin da aka yi shi, da naɗin sarautar da aka fara buga shi. Ya san wanda aka yi wa sabuwar fata ranar da wani hakimi ya ba mahaifinsa doki da riga. Sau uku ina ce masa zan zo da rakoda mu zauna. Ran nan ya yi dariya ya ce mini, "Malam, kullum gobe kaka cewa. Ni kau gobena ba ta da yawa." Na ce, "Baba, bari a gama jarrabawa." Aka gama jarrabawa, aka shiga azumi, aka yi Sallah, sai na ji sanarwar jana'iza a masallacin unguwa. Wurlitzer na da littafin lambobi, mu kuwa littafinmu kan tsofaffi ne, kuma na bar wannan ya rufe ban kwafi ko shafi ɗaya ba.

Ƙasar Sakkwato ba ƙaramar taska ba ce a wannan fanni. Nan aka yi Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, duk masu kotso. Nan Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi har ya rasu a 1973. Nan Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe da manoma kiɗan kalangu. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi wahalar tattara tarihinsu da matanin waƙoƙinsu, ɗalibai kuma na ta samun digiri a kansu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'i. To amma kayan kiɗan da suka riƙe da hannunsu fa? Duk wanda ya yi nazarin waƙar Narambaɗa ya tambayi kansa ko ya taɓa tunanin inda kotsonsa yake. Mun kula da baitin, mun manta da abin da ya ɗauki baitin.

Maganar addini da maganar doka

Na san abin da ke zuciyar wasu masu karatu, domin a Sakkwato nake. Za su ce malaman jihadi sun yi magana mai tsauri a kan kiɗe-kiɗen banza, don haka watsewar ganga ba abin kuka ba ne. Gaskiya ne sun yi, kuma ba ni da matsayin da zan shiga tsakanin malamai a kan hukuncin kiɗa. Sai dai a tuna cewa ba su hana ganga don kiran taro ko fita yaƙi ba, kuma har gobe ana buga tambari ana busa kakaki a fadojin ƙasar Hausa. Bayan haka, adana abu daban, aiki da shi daban. Gidajen tarihinmu cike suke da baka da kwari da sulke, ba wanda ya ce ajiye su kira ne a koma harbin juna. Wanda zai yi wa jikokinsa bayanin abin da Shehu ya soka da abin da ya bari, ai gara ya sami abin nuna musu.

Hasali ma fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu ya riga ya hango matsalar. Duk wanda ya sauke Risala ya wuce ta babin da ke bayanin cewa abin tarayya ana raba shi ne idan rabon ba zai cutar ba, wanda kuwa ba ya rabuwa sai da ɓarna, sayar da shi ake yi a dunƙule a raba kuɗin. Ba mai ba magaji ɗaya takalmin dama ya ba ɗaya na hagu. Da a ranar nan na buɗe baki na ce a yi wa kotson nan bakwai kuɗi a matsayin abu guda, in ya so ɗaya daga cikin magada ya ɗauka a cikin rabonsa, ko ni da wasu mu haɗa kuɗi mu saya, da ba a tauye haƙƙin maraya ko ɗaya ba. Malamin rabo bai yi kuskure ba, magada ne suka ce kayan ba su da ƙima, mu shaidu kuma muka yi shiru.

Ta fuskar doka ma ba a bar mu haka ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ambaci ganga da sunanta cikin kayan tarihi, tare da makamai da kayan sarauta da rubuce-rubucen hannu, matuƙar an yi su kafin 1918 ko kuma suna da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da su a bukin gargajiya. Ta hana kowa sayen irin waɗannan kaya sai wanda aka ba izini, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba tare da takarda ba. Kotson kakan maƙwabcina, bisa lissafin shekarun gidan, ya cika sharaɗin. Amma dokar da magada ba su taɓa jin labarinta ba, ba za ta hana gara cin ice ba.

Muna da wuraren ajiya. A nan cikin gari akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, mai ɗauke da sunan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara rubutun magabata har ya rasu a 1997. A Argungu akwai gidan tarihin Kanta, a cikin fadar da aka gina a 1831 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A Kano akwai Gidan Makama. Muna kuma da darasi a tarihinmu na kusa. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin wannan shekara, tutarsa ta faɗa hannunsu. Sai a 1960 aka dawo da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ta dawo ne don an san ta, an san mai ita, an san ranar da ta fita. Haka kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897, waɗanda Jamus ta fara mayarwa a 2022. Muna tafa wa wannan, kuma ya cancanci tafi. Amma abin kunya ne mu riƙa bin Turai bashin abin da aka ƙwace da bindiga, alhali wanda ke rataye a zaurukanmu muna miƙa wa dillali da hannunmu a kan kuɗin cefanen kwana biyu.

Abin da za mu iya

Ba sai mun jira kasafin kuɗi ba. Abu na farko rajista ce. Sashen Hausa na jami'a ko na kwalejin ilimi zai iya ɗora wa ɗaliban ajin ƙarshe aikin zagaya gidajen makaɗa da maƙera da marina da masaƙa, su ɗauki hoton kowane tsohon kayan aiki da waya, su ba shi lamba, su rubuta wanda ya yi shi, da waɗanda suka gāje shi, da wanda ke riƙe da shi yanzu, su naɗi muryar dattijon gidan yana bayani. Kwafi ɗaya ya zauna a gidan, ɗaya a jami'a, ɗaya a hukumar tarihi. Ko daga baya an sayar da abin, sawunsa na nan.

Na biyu, ina roƙon malamanmu masu rabon gado da alƙalai su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba yi: shin cikin kayan nan akwai abin da rabo zai kashe? Ba ganga kaɗai ba. Littattafan malami da ake rabawa mujalladi-mujalladi, da kayan maƙera, da takardun ciniki na tsofaffin fatake, duk wannan ciwon ke cin su.

Na uku, gidajen tarihi su buɗe ƙofar ajiya ta amana, inda iyali za su kawo kayansu a rubuta musu takarda cewa mallakarsu ne, a sa sunan gidansu a jiki, su karɓa ranar da suke bukata. Mutane da yawa suna ƙin kai kaya ne don tsoron cewa abin da ya shiga hannun hukuma ya shiga ke nan.

Na huɗu, masu hali. Lanterman ba gwamnati ba ne, mutum ɗaya ne da ya san darajar abu ya kuma sa kuɗinsa. A garin nan akwai waɗanda kuɗin man motocinsu na mako ɗaya zai sayi kayan kiɗan gida guda a dunƙule, ya kuma biya mai gyaran fata na shekara.

Ni dai na fara da abin da ya rage mini. Na karɓi kotson da gara ta ci, na kai wa wani masassaƙi ya tsayar da ɓarnar, yana nan a ɗakin karatuna da takarda a liƙe mai ɗauke da ɗan abin da na tuna daga bakin marigayin. 'Yarsa ta Gusau ta yi alkawarin ba za ta rabu da nata ba sai ta sanar da ni. Shugaban makarantar firamaren ya yarda mu musanya nasu da sabo. Uku ke nan cikin bakwai. Biyun da yara suka yaga ana iya yi musu fata, in babban wansu ya amince. Na Abuja kuwa, dillalin ya ce ba ya tuna otal ɗin da ya kai su.

In akwai dattijo a unguwarku da ke riƙe da irin wannan kaya da irin wannan labari, kada ka ce sai an gama jarrabawa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.